Masu shirin sayen hita kafin hunturu ya kankama

Salam 'yan uwa, tunda Disamba ta kusa kuma kun san sanyin Jos ba wasa, musamman mu na wajen Bukuru da Rayfield, ga 'yar shawara.

In za ka sayi hita a kasuwar Terminus, kafin ka tambayi kuɗi fara duba ragar gaban. Ta ƙarfe ce ko roba? Ramukanta ƙanana ne yadda yatsan yaro ba zai shiga ba? Ni bara na kwaso wata mai arha, ragar roba ce, cikin sati biyu ta fara narkewa tana wari, gashi ƙaramata Allah ya kiyaye ta kusa cusa hannu ciki, sai da na cire hitar gaba ɗaya. In akwai yara gara hitar lantarkin nan mai mai a rufe a cikinta wadda ba ta yin ja, ta fi tsada kam amma jikinta bai kai zafin mai waya ba. Ka nemi kuma wadda ke kashe kanta in ta faɗi.

Don Allah kar a shanya kayan jariri ko zani a kanta, iska ce ke fita ta ramukan nan, in ka toshe zafi ya taru. A ba ta kamar mita 1 daga labule da katifa. Mai wat 2000 kuma a soket na bango, ba ekstenshan ba, ƙaramin janareto ma ba zai ja ta ba.

Masu kasko da gawayi, kar a kwana da shi a ɗaki a rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kashe mutum take yi cikin barci.