Darasi na 9: Jirgin kwali mai ɗaukar kilo 3

Ƙusa ɗaya na nutsewa a kofin ruwa, amma jiragen ƙarfe na shigowa tashar jiragen ruwa ta Tema, a Gana, maƙare da kwantena. Dalili kuwa, jirgi yana ɗaukar nauyi, har da nasa, daidai da nauyin ruwan da cikinsa ya ture. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Wanda ya riƙe wannan zai san abin da jirginsa zai ɗauka tun bai taɓa ruwa ba.

Kayan aiki: kwali mai kauri irin na firji ko talabijin (a tambayi masu shaguna a Kasuwar Nima da ke Accra), leda mai kauri marar huda, salatef mai faɗi, rula, reza, biro, siririn kara mai tsawon santimita 25, babban baho, da ledar fiya wata guda 6. Kowace leda rabin lita ce, wato rabin kilo, don haka ba sai an nemi sikeli ba.

A yanko kwali tsawo santimita 52, faɗi 37. A ja layi santimita 6 daga kowane gefe. Abin da ya rage a tsakiya, 40 da 25, shi ne gindin jirgi. A bi layukan da bayan reza a danne su kawai, kada a ratsa, sannan a naɗo gefunan su miƙe. A kowace kusurwa a tsaga layi ɗaya, a lanƙwasa kunnen da ya fito ciki, a manne da salatef. A gitta karan a tsakiya daga bango zuwa bango.

Ledar ce ke buƙatar natsuwa. A yanko 70 da 55, a shimfiɗa, a ɗora jirgin a tsakiya, a janyo ta sama ta rufe bangon, a manne bakinta daga ciki. A kusurwa a ninke ta kamar ƙunshin dokunu (tuwon masarar da ake ƙunshewa a ganye), reza kada ta kusance ta. Masu son aiki ya yi kyan gani sukan datse rarar ledar, ta nan kuma ruwa ke fara shiga.

Ga lissafin: 40 sau 25 ya ba da 1,000, lita 1 kuwa santimita kyubik 1,000 ce. Ke nan duk santimita 1 da jirgin ya shiga ruwa, ya ture lita 1, ya ɗauki kilo 1. A ja layi a jikin bango daga waje, santimita 4 daga ƙasa. Kada ruwa ya wuce layin. Santimita 2 da suka rage na kariya ne daga motsin ruwa.

A zuba ruwa a baho, a ɗora jirgin, a sa ledojin fiya wata biyu a tsakiya, a duba: ya sauka kimanin santimita 1. A ƙara biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, duk a kwance a ƙasa. Biyun ƙarshe su hau kansu a tsakiya. Ruwa zai tsaya kaɗan sama da santimita 3, saboda nauyin jirgin kansa.

In ya karkata, kaya ne suka taru gefe guda. In ya kife gaba ɗaya, an jibga su sun yi tsini. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su. In bango ya lotsa ciki, karan ne ya zame. In kuwa kwalin ya yi laushi, ledar ta huje, kuma jiƙaƙƙen kwali ba ya gyaruwa, sai sabo. Ruwan da ya fantsama ciki a tsane shi da soso nan take, domin yana gangarawa ɓangaren da ya yi ƙasa ya ƙara danne shi.

Ruwan teku ya ɗan fi na famfo nauyi, litarsa kusan giram 1,025 ce, shi ya sa kwalekwalen masunta na Jamestown da Chorkor, unguwannin bakin teku a Accra, zai ɗan fi tasowa a teku bisa ga kogi. A baho ba za ku ga bambancin ba sai kun narka gishiri da yawa.

Aikin gida: jirgi mai gindi 50 da 20, bango santimita 8. In an bar santimita 2 a sama, kilo nawa zai ɗauka har da nauyin kansa? Ku rubuta amsar kafin ku gwada.