Kwamfutar ofis ta goge hoton 'yata: yadda nake zama da ita yanzu

Satina na farko a ofishin da nake aikin fassara, na sa hoton sunan 'yata a fuskar kwamfuta. Washegari na kunna, sai ga tambarin kamfani ya dawo yana kallona. Na sake sawa, ya sake ɓacewa. A rana ta uku na haura sama wajen yaron sashen IT, masu kula da kwamfutocinmu, da faɗana. Ya yi dariya ya ce, "Anti, ba ni nake cirewa ba, ita ce take komawa gidan ubanta."

Abin da yake nufi shi ne tsarin Group Policy na Windows. Kwamfutocin ofis suna ɗaure da wata babbar kwamfuta mai ba su umarni, suna tuntuɓarta duk sanda ka shiga da kalmar sirrinka, sannan kusan kowane minti 90. Duk abin da ka sauya a cikin abubuwan da aka kulle, sai ya koma yadda yake. Don haka kada ka ɓata safiyarka a kan hoto. Zanen aro ne, ba ya rufe katara. Nawa hoton na wanko shi na jingina a gindin allon.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haruffa masu lanƙwasa. Aikina rubutun Hausa ne, kwamfutar kuwa ba ta da ƙ, ɗ da ɓ a madannanta, kuma duk manhajar da na so sawa sai ta nemi kalmar sirrin admin, wato mai iko da kwamfutocin ofis. Ashe a Word ba ka buƙatar izinin kowa. Rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, zai koma ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Manyansu: 0198, 018A da 0181. Akwai tarko ɗaya: idan harafin da ke gabanin lambar a, b, c, d, e ko f ne, kamar a kalmar "baƙo", Word zai haɗa shi da lambar ya fito maka da wani abu dabam. Maganinsa ka fara da U+ kafin lambar. Da ka gaji da haddar lambobi, shiga Insert, sai Symbol, nemo harafin, danna Shortcut Key ka ba shi gajeriyar hanya. Ni Alt da K na ba ƙ, shekara biyu ke nan ban sake tuna 0199 ba sai yau.

Windows ma tana da tsarin madannai na Hausa a cikinta. Idan ofishinku bai kulle saitin harshe ba, ƙara shi, ka riƙa sauyawa da maɓallin Windows da Space. Girman rubutu, hasken allo da saurin linzamin kwamfuta (mouse) ma yawanci a buɗe suke.

Abin da ya wuce wannan sai ka nema, kuma nema iyawa ne. Kada ka tsare ɗan IT a bakin masallaci ka ce ya sa maka abu. Tura imel, ka faɗi sunan manhajar, aikin da za ka yi da ita, da abin da rashinta yake jawowa, ka sa oganka a ciki. "Ina so" ba ya buɗe ƙofa, amma "rahoton Alhamis zai makara" yana buɗewa.

Na daɗe ina ganin takurawa ce kawai, har yanzu ma ina ganin kulle hoton allo ya yi yawa. Amma hana sa manhaja da toshe kafar filash suna da dalili. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle na'urorin asibitocin gwamnati a Ingila har aka soke ganin marasa lafiya. A nan Najeriya kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu alhakin bayanan da ke hannunsu. Filash ɗin da ya kwana a shagon masu tura fina-finai ba abin sokawa a kwamfutar albashi ba ne.

Sai harkokinka na gida. Kada ka bar mashigar intanet ta adana kalmar sirrin bankinka, kuma ka ɗauka cewa duk abin da ka buɗe, ofis na iya gani. Wata abokiyar aikina ta bar WhatsApp a buɗe ta haɗa kwamfutar da majigi a ɗakin taro, saƙon mai adashi ya faɗo a bango, mutum goma sha biyu suka karanta bashin da ake bin ta. Tun ranar, hirata a wayata take, kuma ko alwala zan fita sai na danna Windows da L na kulle allon.