Kurakuran da ake tafkawa wajen sayen tataccen man tsirrai

Babban kuskure shi ne yarda da hanci. Mutum ya buɗe kwalba ya shinshina, ƙamshi ya bugo shi, shikenan wai orijinal ne, alhali na kemikal ma sau da yawa ya fi ƙarfin ƙamshi. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka bar shi zuwa gobe. Yawancin tataccen mai tashi yake yi ya bar takardar ba maiƙo, in ka tarar da zagayen maiƙo to an sirka shi da wani mai. Amma fa masu kauri irin na sandal kan bar tabo ko da masu kyau ne, kuma wannan gwajin ba ya kama sirkin kemikal.

Sai farashi. In ka ga mai kaya ya jera kwalabe duk kuɗi ɗaya, na lemo da na wardi, akwai lauje cikin naɗi. Man lemo daga ɓawo ake matse shi, ga ɓawon nan birjik. Shi kuwa wardi, irin wanda ake nomawa a Bulgeriya da Turkiyya, da sassafe ake tsinkar furen da hannu, kuma sai an turara furanni sama da kilo 3,000 kafin a samu kilo 1 na mai, to ta ina za su zo daidai?

Wasu kuma kalaman jikin kwalba ke ruɗa su, wai mai darajar magani ne. Babu hukumar da ke ba da wannan lambar, kamfani ne ke yi wa kansa kirari. Abin dubawa shi ne sunan tsiron na kimiyya da ƙasar da ya fito da yadda aka tace shi. Misali, a wajen labanda, wani tsiro mai furen ƙamshi, Lavandula angustifolia ita ce ta asali, lavandin ɗan uwanta ne mai araha mai warin kafur, kuma ana yawan sayar da shi da sunanta. Ka nemi takardar gwajin GC-MS, wato gwajin ɗakin bincike da ke nuna sinadaran da ke cikin man, ka duba lambarta ta zo ɗaya da ta jikin kwalbarka, in an fara kame-kame ka wuce.

Ajiya ma matsala ce. Kwalbar gilashi mai duhu, murfi a rufe gam, nesa da rana da zafi, musamman dangin lemo da ke saurin lalacewa. Kuma don Allah a daina shafa shi zalla a fata, ɗigo 1 ko 2 a cikin ƙaramin cokali na man kwakwa ya isa, in kuma na bergamot ne, wani nau'in lemo, kar a shiga rana bayan an shafa, yana ƙona fata.