Yadda ɗan kasuwar Maradi zai gane inda Babbar Kotun Tarayya ta Najeriya za ta saurari ƙararsa

Idan jami'an kwastan na Najeriya, waɗanda muke kira 'yan duwan a nan, suka riƙe maka kaya bayan ka tsallaka daga Ɗan Issa zuwa Jibiya, kotun jiha ba ta da hurumin sauraronka. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'un kwastan da na shige da fice, kuma saboda Nijar ba ƙasar tarayya ba ce, wannan rabon yakan rikita mutanenmu.

Ka fara da tantance wurin da aka kama kayan. Kotun ɗaya ce, hedkwatarta tana Abuja, amma Babban Alƙalinta ya raba ƙasar zuwa shiyyoyi, kuma a bisa ƙa'ida ana shigar da ƙara ne a shiyyar da abin ya faru. Kamun da aka yi a Jibiya na reshen Katsina ne, wanda aka yi a Kano kuwa na reshen Kano ne, ko da lauyanka ya fi son wani gari. Ka kuma tambayi lokacin hutun shekara, wanda yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, domin a lokacin rassa kaɗan ne suke zama, su ma don shari'un gaggawa kawai.

Sai ka ɗauki lauyan da aka yi wa rajista a Najeriya, tun da na Maradi ba shi da izinin tsayawa a can.

Abin da na fi son a kiyaye shi ne mataimakan kotu, domin a hannunsu takardunka za su fi daɗewa. Magatakarda ne yake karɓar ƙara ya ba ta lamba, mai kai sammaci ya isar da ita ga ɗaya ɓangaren, kuma Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Tarayya ce take naɗa su, ba alƙalin da zai saurare ka ba. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a farfajiya ba tare da rasit ba. Da Turanci ake zaman, amma idan tuhumar laifi ce, sashe na 36 na tsarin mulkin ya ba ka tafinta kyauta, saboda haka ka sa lauyanka ya nema tun kafin ranar farko.