Yadda zaka maida lissafin silinda zuwa x, y, z a waya ko kwamfuta

Satin da ya wuce Baffana mai walda ya samu aikin matakala irin mai murɗawar nan, wadda za a riƙa hawa kan tankin ruwa da ita a wani ƙauye can gefen Ringim, sai ya aiko yaro a kira ni. Na same shi a tsugune ya zana da'ira a ƙasa da guntun rodi, yace min "ɗana, ni na san faɗin abin, na san taki goma sha biyu ne zagaye ɗaya, na san tsayin kowane taki, amma mai zanen ginin yace sai na bashi lamba uku-uku, wai x da y da z, to ni wannan yaren ban iya shi ba." Nace Baffa ai duk lissafin yana hannunka, fassara kawai ta rage. Yadda muka yi fassarar ne zan nuna maka, dan na san akwai ɗalibai da masu aikin hannu da abin nan yake ba wahala.

Ka ɗauka kana tsaye a gindin bututun ƙarfen da ke tsakiyar matakalar. Hanya biyu ce zaka iya kwatanta wa mutum inda bakin wani taki yake. Ta farko kace masa nisan sa daga bututu kaza, ka juya digiri kaza, ka hau sama kaza. Wannan shine lissafin silinda, ana rubuta shi r da θ da z, harafin tsakiyar nan na Girkanci ne ana kiran sa tita. Duk abin da yake da siffar ganga, rijiya ce ko rumbu ko tanki, da shi ya fi daɗin aunawa. Ta biyu kuma kace masa yi gabas kaza, yi arewa kaza, hau sama kaza, wato x da y da z kenan, tsarin da ake dangantawa da Bafaranshen nan René Descartes tun littafin sa na 1637, kuma shi yawancin manhajojin zane suka fi so a basu.

Fomular kanta layi uku ce:

x = r × cos θ
y = r × sin θ
z = z

Su cos da sin lambobi ne da ake fitarwa daga kusurwa, waya ko kwamfuta ce zata lissafa maka su. Tsayi baya canzawa ko kaɗan, shi yasa na ukun yake haka.

Kafin ka taɓa waya ka tabbatar r ɗin ka daga tsakiya ne zuwa baki, ba daga baki zuwa baki ba. Baffa da ya ja tef mita 1.6 ya faɗa min, wannan faɗin gaba ɗaya ne, rabin sa muke so wato 0.8. Taki 12 a zagaye ɗaya kuma, in ka raba 360 gida 12 kowane taki ya ci digiri 30, tsayin sa santimita 20 wato mita 0.2.

To buɗe Excel, ko Google Sheets, ko WPS ɗin da ke cikin wayarka, duk fomula ɗaya suke ji. Layin farko ka rubuta sunaye, r da θ da z a A1 zuwa C1, x da y da z a D1 zuwa F1. A gidan A2 ka sa 0.8, B2 ka sa 30, C2 ka sa 0.2, sannan

a D2: =A2*COS(RADIANS(B2))
a E2: =A2*SIN(RADIANS(B2))
a F2: =C2

Zai baka 0.693 da 0.4 da 0.2. Ma'ana bakin takin farko yana santimita 69 da ɗan ɗoriya ta gabas, santimita 40 ta arewa, santimita 20 daga ƙasa. Sai ka cika sauran layukan, A yana nan 0.8, B da C kuma 60 da 0.4, 90 da 0.6, haka har ƙarshe, ka ja fomular ƙasa ta bi su duka.

Dan Allah ka kula da kalmar RADIANS ɗin nan, a nan ne kusan kowa yake faɗuwa kuma nima a nan na faɗi ranar. Ina sauri dan cajin wayata ya kusa ƙarewa sai na rubuta COS(B2) kai tsaye, ta bani 0.123 da -0.790, babu wani jan rubutu babu gargaɗi, lambobi ne masu kyau kamar gaske. Baffa ne ya leƙo yace a'a, ya za ai takin farko ya koma kudu bayan arewa muka nufa? Abin da ya faru shine ita kwamfuta ba digiri take ji ba, radiyan take ji, zagaye ɗaya a wajen ta 2π ne wato wajen 6.283, radiyan ɗaya kuma ya kai digiri 57.3, to da na bata 30 sai ta ɗauka radiyan 30 nake nufi, wanda ya haura digiri 1,718, ta zaga sau huɗu ta je ta tsaya wajen digiri 279. Da ace ƙarfe aka yanka akan wannan lambar an yi asarar kuɗin mutane wallahi.

Akwai gwajin da ake koya mana a makaranta, wai ka haɗa x² da y² ka ga ko ya baka r². Gwajin yana da amfani, 0.48 da 0.16 sun bada 0.64 daidai, amma bazai taɓa kama maka wannan kuskuren ba, dan lambobin banzan ma in ka gwada su 0.64 ɗin zasu baka, tunda duk akan da'ira ɗaya suke. Ni gwajin da na yarda da shi shine ka sa digiri 90. Dole x ya zama sifili y ya zama r cif. In ba haka ka gani ba ka tsaya.

A nan ma kar ka tsorata in maimakon sifili kaga wani abu kamar 4.9E-17. Sifili ne, kwamfuta ce bata iya riƙe π har ƙarshe sai ɗan ɓurɓushi ya rage, lamba ce mai sifili goma sha shida bayan ɗigo kafin a zo 4. Ka naɗe fomular da ROUND ka huta: =ROUND(A2*COS(RADIANS(B2)),3)

Wanda yake koyon Python kuma, ko a waya ne da Pydroid, ga shi:

import math
def maida(r, digiri, z):
    t = math.radians(digiri)
    return round(r*math.cos(t), 3), round(r*math.sin(t), 3), z
for n in range(1, 25):
    print(n, maida(0.8, 30*n, round(0.2*n, 1)))

Wannan zai zubo maka taki 24, zagaye biyu kenan, tsayi mita 4.8. Ka duba taki na 13, digiri 390, zaka ga x da y ɗin sa irin na takin farko ne sak, z ne kawai ya koma 2.6, dan a saman sa yake kai tsaye. Wani wajen zaka ga -0.0, shima sifili ne. Masu manhajar lissafi ta MATLAB ko Octave su an riga an dafa musu, akwai umarnin pol2cart, sai dai tita ake fara sawa kafin r, kuma shima radiyan yake so.

Saura maganar daga ina ake fara ƙirga kusurwar, wanda a ganina ya fi na radiyan haɗari in a fili kake aiki. A lissafi sifili yana gabas ne, kan layin x, kuma ana juyawa saɓanin hannun agogo, kamar yadda ake ɗawafi, tsakiyar tana hagun ka. Kamfas kuwa, har wanda ke cikin waya, daga arewa yake farawa ya bi hannun agogo. Saboda haka in da kamfas ka ɗauko kusurwar, misali kana auna inda ramukan shuka suke daga bakin rijiyar burtsatse a fadama, sai ka cire lambar daga 90 kafin ka sa ta, ko kuma ka musanya, x ya ɗauki SIN y ya ɗauki COS. In baka yi ba zanen zai fito maka a juye kamar a madubi. Rijiya kuma zurfi ake yi ba hawa ba, z ɗin ka sa masa alamar ragi.

In kana so ka koma baya daga x da y zuwa silinda, r shine =SQRT(D2^2+E2^2), kusurwa kuma kar ka yi amfani da ATAN kawai, wato fomular da ke fitar da kusurwa in ka raba y da x. Taki na 7 yana digiri 210, x da y duk ragi ne, in ka raba su ragin ya cinye juna sai ATAN yace maka 30. ATAN2 zaka sa, taki na 7 yana layi na 8, =DEGREES(ATAN2(D8,E8)), zai baka -150, ka ƙara 360 ya dawo 210. Ka riƙe wannan da kyau, Excel x yake fara karɓa, Python kuma math.atan2(y, x) ne, y a gaba. Kuma ba zai gaya maka zagaye na nawa kake ba, wannan sai ka duba z.

Da muka gama na kwafe lambobin a takarda, Baffa ya kafa turke a tsakiya muka ja igiya biyu, ɗaya gabas ɗaya arewa, ina karantowa yana aunawa da tef yana dasa ƙusa. Ta goma sha biyu ta faɗo kan igiyar gabas daidai, santimita 80 daga turke, sai ya miƙe yace wa yaron shagon ya je ya tada janareta.