Idan Bature Ya Ce "Reluctant", Kada Ka Yi Saurin Tashi

Mutanen Ingila ba kasafai suke ce maka "a'a" kai tsaye ba. Abin da za ka fi ji daga bakin likita, ko dillalin gidan haya, ko shugabanka a wurin aiki shi ne "I'm reluctant". Sababbin zuwa da yawa da sun ji haka sai su yi godiya su fice, alhali maganar ba ta ƙare ba.

Kalmar tana nufin ran mutum bai kwanta da abu ba, yana jan ƙafa. Yana da ikon yi, sai dai akwai abin da ya riƙe shi. Idan kuwa aka ce ya yarda "reluctantly", to ya yi abin, amma ba da son ransa ba, kamar uban da ya bar 'yarsa ta tafi karatu nesa. Wanda ya ƙi ƙememe, "refuse" ake cewa.

A asibitin unguwa aka fi cin karo da ita. Yaro na tari da majina, a gida ka saba shiga kemis ka sayo amoxicillin, a nan kuwa sai da takardar likita. Likitar ta duba maƙogwaronsa, ta saurari ƙirjinsa, ta ce ita "reluctant" ce ta rubuta. Ba raini ba ne. Ƙwayar cutar da ke kawo mura ba ta jin wannan magani, yawan shansa kuma yana sa ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske. Ka zauna ka tambaye ta: wace alama zan gani in dawo da shi? Idan jikin ya rikice da dare, ka buga 111, lambar neman shawarar lafiya, kyauta ne.

Haka dillalin gida. Yana ɗari-ɗari ne don ba ka da tarihin biyan haya a ƙasar. Tambaye shi abin da zai kwantar wa mai gidan hankali: wanda zai tsaya maka, ko wasiƙar wurin aiki, ko takardun banki. Kada ka yi tayin ƙara kuɗin ajiya. Dokar haya ta 2019 ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar a Ingila, muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Amma fa idan ka nemi sharaɗi aka sake maimaita kalmar ba tare da an ba ka ko ɗaya ba, to an ƙi ne cikin ladabi, ka nemi wani gidan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rubuta kalmar a kanmu. Kawaici da sunkuyar da kai tarbiyya ce a wurinmu. Baiwar Allah ta yi shiru gaban likita namiji, shi kuma ya rubuta a fayil cewa tana jan ƙafa wajen gwaji, wanda zai duba ta gaba ya ɗauka ba ta so. 'Yar'uwa, ki faɗi dalilinki da bakinki. Ki ce likita mace kike so, ko azumi kike yi a sauya miki lokacin shan magani. Idan Turancin ne ya yi nauyi, ki nemi tafinta tun ranar da kike karɓar lokacin ganin likita, hukumar lafiya ta NHS ce ke biyansa.