Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Ditektar HPLC Tashi

Duk wanda na koya wa aikin HPLC, wato na'urar raba sinadaran da ke cikin ruwan samfuri, da zarar ditekta, sashen da ke gano sinadaran da haske, ta ƙi tashi, kalma ɗaya ke fita daga bakinsa: "Oga, fitila ta mutu." Ni ma na taɓa faɗin haka. Na sa aka yi odar sabuwar fitilar diyuteriyam da kuɗi masu nauyi, muka jira ta makonni, aka ɗaura, saƙon matsalar dai ya sake fitowa. Tsohuwar lafiyarta ƙalau. Har yau abin yana min ciwo.

Fara da duba ko akwai alamar rai. In fanka ba ta juyawa kuma babu haske ko ɗaya a fuskar na'urar, to maganar fiyus ce ko waya. Zare filogi, buɗe gidan fiyus da ke baya, ka maye da mai lamba iri ɗaya sak. Kada ka ɗaura zaren waya. A ɗakin gwajina ba a jona ditekta kai tsaye da bango, sai ta UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, domin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta shi ke cin kwanan fitila.

In ta kunna amma fitilar ta ƙi kamawa, tambayi kanka yaushe aka kashe ta. Fitilar da ke da zafi tana yawan gardama. Bar ta ta huce kamar minti 15, ka daina danna maɓallin sau goma a jere, kowace kunnawa rage mata ƙarfi take yi. Ka tabbatar murfin ya zauna daram, don na'urori da yawa ba sa barin fitila ta kama in a buɗe yake. Sannan leƙa ƙasan akwatin, wurin abin da ke sansano yoyo. Ɗigo biyu sun isa su tsayar da komai. A jerin na'urorin HPLC na kamfanin Agilent, 1100 da 1200, yoyo a famfo ma yana iya kashe ditekta, tunda duk a haɗe suke. Tsane wurin da tishu, ka nemo inda ruwan ke fitowa.

Yanzu ga inda na yi kuskure. Fitila ta kama, amma na'ura ta tsaya a gwajin kanta tana cewa haske bai isa ba, ko daidaiton zangon haske ya gaza. Abin da take yi a wannan lokacin shi ne neman layukan hasken diyuteriyam guda biyu, na 486 da na 656 nanomita, don ta daidaita ma'auninta na zangon haske. A yawancin ditektoci hasken nan sai ya ratsa sel, wato ɗan ƙaramin gurbin da ruwan samfuri ke bi, kafin ya kai ga idon da ke auna haske. In akwai kumfar iska a ciki, ko gishirin bafa, ruwan da ke daidaita tsamin ruwan da famfo ke turawa, ya bushe a tagoginsa, hasken zai watse, na'ura kuma ta kai ƙarar fitila. Tawa an bar ta ne da bafar fosfet tun ranar Alhamis har bayan hutun Sallah. Da na ciro sel ɗin na ɗaga shi wajen taga, sai ga farin busasshen gishiri kamar kanwa a jikin gilashin.

Gyaran ba shi da tsada. Cire kwalam, wato bututun da ke raba sinadaran, ka haɗa bututun shigarsa da na fitarsa da mahaɗi. Tura tsaftataccen ruwa na HPLC tukuna, mililita ɗaya a minti, na kusan minti 20. Ruwa ne farko, kar ka manta. Wanda ya fara da metanol ko asetonaitiril zalla a kan fosfet, shi da kansa ya daskarar da gishirin a cikin sel, gyara ya zama ɓarna. Bayan ruwan sai aisofurofanol, shi nake so don ya fi iya korar kumfa, amma rage gudu domin yana da kauri, matsi zai hau, kuma tagogin sel suna fashewa. Ka sa ido a bututun da ke zubarwa cikin kwalbar shara har kumfa ta daina fita. Kada ka toshe bakinsa da yatsa wai don matse kumfa, na ga wanda ya fasa sel a haka. Sai ka koma metanol da aka cire wa iska, ka bar famfo yana gudu, sannan ka kashe ditekta ka sake kunnawa. Ni ba na taɓa kunna ta da busasshen sel.

Sai in duk wannan ya gaza za ka waiwayi fitila. Duba awanninta a manhaja. Yawanci ana ba su awa 1,000 zuwa 2,000. In ta wuce, canza. Kashe wuta, bari ta huce, sa safar hannu, kar yatsa ya taɓa gilashin, kar kuma ka kalli haskenta domin yana ƙona ido. Mayar da lissafin awanni sifili, ka ba ta awa guda ta daidaita kafin allurar samfuri ta farko. In sabuwa ma ta ƙi kamawa, to allon wutar ciki ne, akwai ɗaruruwan bolt a wurin. Rufe murfin ka kira injiniya.